Me ya sa firem ɗin katako yake buɗe baki in an kai shi Arewa

Shekaranjiya maƙwabcina a nan Agege ya dawo daga Idi-Araba ransa a ɓace, wai ya kai zayyanar saukar ɗansa a sa masa a firem an yanka masa kuɗin da ya ninka na bakin titi wajen sau biyar, kuma wai sai ya jira sati biyu. Yace min Malam don Allah katako huɗu ne fa da gilashi, meye a ciki? Dariya nayi, don nima haka nake cewa a da, kuma ni na tura shi wajen mutumin.

Shekarun baya na kai hoton mahaifina, Allah ya jiƙansa, wajen wani mai firem na bakin hanya. Hoton baƙi da fari ne na situdiyo, shi kaɗai ne muke da shi a duk gidanmu. Minti ashirin aka gama, na biya na tafi ina murna. Damina biyu yayi a bangon ɗakina sai na fara ganin wani tabo kamar taswira a gefen fuskar, na sauke na buɗe baya, ashe gam aka shafa aka manna shi jikin kwalin indomi, gaban kuma ya manne da gilashi. Da na ja a hankali sai rabin fuskar Baba ta tafi da gilashin ta bar takardar fara fat. Toh daga ranar ne na fara bin abin nan da tambaya, har na saba da wani dattijo ɗan Zariya da ya koyi aikin a hannun wani Bayarabe a Mushin tun yana saurayi, shine wanda na tura maƙwabcina wajensa, yawancin abin da zan faɗa a shagonsa na gani da idona.

Matsalar daga katakon take farawa, kuma duk wanda ya saba hawa gadar Third Mainland ya san Oko-Baba a Ebute Metta, inda a da zaka hango gungumen itace jere a kan ruwa kamar kadoji ga hayaƙin garin katako yana tashi. Ta ruwa ake jawo da yawa daga cikinsu daga dazukan su Ondo da Edo, gwamnatin Legas ma ta daɗe tana maganar maida masu tsagar zuwa Agbowa inda ta gina musu wuri, a 2024 kuma aka fara tashinsu daga Oko-Baba. Kaga kenan itacen da ya kwana a lagun, aka tsaga shi jiya, yau yana kasuwar katako ta Amu a Mushin, gobe kafinta ya yanka ya haɗa. A ido lafiyarsa ƙalau, amma cike yake da ruwa, in ka ɗaga zaka ji nauyi da sanyi a tafin hannu.

Shi katako ko ya shekara ɗari da sarewa bai daina shan ruwan iska yana fitarwa ba. In iska tayi laima ya kumbura, in ta bushe ya tsuke. Abin da yawancin mutane basu sani ba shine ba ko'ina yake motsi daidai ba, ta tsawo kusan baya motsi sam, ta faɗi yake yi. Yanzu ka ɗauki kusurwar firem, katako biyu ne kowanne an yanka bakinsa a karkace digiri 45, a haɗa su bada 90. Idan faɗin ya tsuke tsawon kuma yana nan yadda yake, wannan 45 ɗin ta daina zama 45, ta ɗan ragu, sai tsinin waje ya tsaya a haɗe amma ta ciki wajen gilashi ta buɗe baki. In kuma kumbura yayi sai akasin haka, ciki a matse waje a buɗe. Dattijon nan in ka kawo masa tsohon firem kusurwar kawai yake kalla yace maka wannan da ɗanyen katako aka yi shi, ko kuma wannan an yi shi a busasshen wuri aka kawo shi cikin laima, kamar mai duba.

Mu Hausawan Legas abin yafi shafarmu saboda kayanmu ƙasa biyu suke rayuwa. Danshin iska a nan yakan wuce kashi 80 cikin 100, katakon da ya zauna a irin wannan iskar ruwan jikinsa yana tsayawa ne wajen kashi 16 cikin 100 ko da an ce ya bushe. A Kano ko Katsina lokacin hunturu danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, katako ya koma wajen kashi 4 zuwa 5. Firem mai faɗin santimita 8 zai iya tsukewa milimita 1 zuwa 2 a wannan tafiyar, ƙaramin abu ne a baki amma a kusurwa rami ne da zaka hango daga bakin ƙofa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙura da kyankyasai da ƙananan ƙwarin nan masu cin takarda duk ta nan suke bi. Shi yasa hoton aure da aka yi wa firem mai faɗi na alfarma a Legas, aka sa a mota aka kai wa Hajiya gida da sallah, kafin wata sallar sai kaji ana cewa kafintan ya cuce mu. Wani lokacin ya cuce ku ɗin, wani lokacin kuma iska ce kawai tayi aikinta. Ko a cikin Legas ɗin ma falon da esi ke aiki dare da rana ƙaramin hunturu ne, in NEPA ta ɗauke wuta kwana uku laima ta dawo, katakon yayi ta kai da komo har gam ya gaji ya saki.

Maganin da na gani a wajen dattijon babu wani sirri a ciki sai haƙuri da jari. Yana sayen katako ya jera a saman shago, tsakanin kowane falanki da na samansa ya sa 'yan sanduna don iska ta ratsa, ya bar shi watanni, ya rubuta watan da ya saya da alli a baki. Kuɗi ne a kwance fa, a garin da ake biyan hayar shago shekara guda gaba ɗaya. Sannan tambayar farko da yake wa mutum ita ce ina za a rataye. In kace Arewa zaka kai sai ya rage faɗin katakon, don siriri motsinsa kaɗan ne, ya zaɓi wanda yafi daɗewa a sama.

Irin katakon ma magana ce. Wanda aka fi yin firem da shi shine obeche, Yarbawa na ce masa arere, fari ne mara nauyi, ga sauƙin sassaƙa ga shan fenti, kuma in ya bushe baya yawan murɗewa, amma ƙwaro na sonsa kamar me, in ka ga gari mai laushi kamar fulawa yana zubowa ƙasan firem da 'yan ramuka kamar an soka allura to an riga an shiga. Iroko da muke ce wa loko gara bata cika kusantarsa ba, sai dai nauyi, yana dakusar da zarto, ƙurarsa na sa wasu tari da ƙaiƙayi, kuma yana da ɗan maiƙo da yake sa gam ya ƙi kamawa in ba a goge bakin da kyau ba. Mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu na Arewa, ni a ganina shi yafi dacewa da aikin, launinsa ja-ja baya buƙatar komai sai folish. Madobiya kuwa kyakkyawa ce ta ƙarshe amma an sare ta ba tausayi ana kaiwa Chana har sai da aka sa ta cikin jerin yarjejeniyar duniya ta CITES na itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido, daga 2017, yanzu in wani yace maka firem ɗinka madobiya ne kuma da araha to ka ƙara kallo, ƙila fenti ne.

Lokacin da na zauna na kalli haɗa firem ɗaya daga farko har ƙarshe na gane inda sati biyun ke tafiya. Bayan ya fere katakon ya fitar masa da siffa, sai ya yanke wani lungu a bayansa ta gefen ciki, tsawon sandar gaba ɗaya, nan ne gilashi da hoto da marfin baya zasu kwanta. Zurfin lungun nan yana da muhimmanci, masu gaggawa suna yinsa kaɗan don tsimin katako, sai kaga baya ya turo waje an danne da ƙusoshi a lanƙwashe. Awon ciki kuma yana ƙara kamar milimita 2 ko 3 a kan girman hoton, nace Baba ai zai yi lako-lako, yace ɗana takarda ma numfashi take, in ka matse ta da damina zata yi tudu a tsakiya don bata da inda zata je.

Sai yanka. Kusurwa huɗu, yanka takwas, kuma kuskure taruwa yake, in kowane yanka ya kauce da rabin digiri kacal to digiri huɗu kenan zasu haɗu su jira ka a kusurwar ƙarshe, uku su zauna daram ta huɗu taƙi rufuwa. Manyan shaguna na da wata na'ura ta ƙasar Denmark mai suna Morso, wuƙaƙe biyu ne ake takawa da ƙafa su yanke bakin sumul kamar an yanka sabulu, ko wuta bata buƙata. Shi dattijon zarto yake amfani da shi da wani akwatin katako mai tsaga da ya haɗa da kansa, in ya yanka sai ya kwantar da bakin ya riƙa shafta kaɗan kaɗan yana ɗagawa sama yana haɗa biyun yana kallon ko haske na ratsawa. Haske ya ratsa, a koma. Sandunan da ke fuskantar juna kuma dole tsawonsu ya zo ɗaya cif, yana haɗa bayansu ya shafa da yatsa, wai yatsa tafi ido gaskiya.

Gam kaɗai baya riƙe kusurwa, saboda bakin da aka yanka a karkace ramukan jijiyar itace ne a buɗe, shanye gam ɗin suke kamar rairayi. Don haka sai ya fara shafa kaɗan ya bari ya sha, ya sake shafawa, ya haɗa huɗun ya zagaye da igiya, ya cusa 'yan guntayen katako tsakanin igiyar da firem ya tura su wajen kusurwa har igiyar tayi tauri tana ƙara in ka taɓa. Ya auna daga wannan kusurwa zuwa waccan a gicciye, ya auna ɗaya gicciyen, in basu zo ɗaya ba to akwai karkata. Washegari ya tsaga kowace kusurwa ta waje da zarto ya cusa siririn katako mai tauri da gam a ciki, ya bushe ya yanke ragowar ya goge da sanfefa. Wannan ɗan ƙaramin abin shine ke riƙe da firem in gam ya fara gajiya. Masu injin kuma wasu ƙusoshi ne masu siffar V suke harbawa ta ƙasa, suma suna aiki, ban raina su ba. Na bakin titi ƙusa biyu yake bugawa ta gefe ya toshe ramin kusurwa da garin katako da gam ya bi da fenti, ranar kam ba zaka gane ba.

Amma duk wannan da na faɗa rabin aikin ne, wanda ya kashe min hoton Baba ba kusurwa bace. Doka ta farko, gilashi kada ya taɓa abin da ke ciki. Da asuba ko in esi ya huro, gilashi yafi iskar ɗaki sanyi, raɓa ta kwanta ta ciki, ita kuma fuskar tsohon hoto wani abu ne a kanta da ake kira jelatin, daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, in ya jiƙa laushi yake ya zama gam da kansa. Zayyana ma haka, tawadarmu ta allo da ƙaro ake haɗa ta, ruwa kaɗan ya isa ya narkar da ita, ai shi yasa ake iya wanke allo. Wannan farin kwalin mai taga a tsakiya da ake sawa zagaye da hoto, da suke ce wa mat, mutane sun ɗauka ado ne, alhali babban aikinsa ɗaga gilashi ne daga kan takarda da kamar milimita ɗaya da rabi. In baka son ganinsa akwai siraran sanduna da ake ɓoyewa a cikin lungun suyi aikin.

Shi kansa kwalin iri iri ne. Kwalin kaya da takardar jarida daga niƙaƙƙen itace ake yinsu, akwai wani sinadari a ciki da yake komawa asid da daɗewa, shine ke sa tsohuwar jarida ta zama ruwan ƙasa tana karyewa, kuma yana ratsawa ya ƙone duk takardar da ya jingina da ita. Je ka duba satifiket ɗin NYSC ko na makaranta da ya shekara goma a firem ɗin bakin hanya, zaka ga layi layi na kwalin sun fito a bayansa. Na kirki da auduga ake yinsa ko kuma an cire masa asid ɗin, daga waje ake shigo da shi, da dala, toh nan wani kaso na kuɗin maƙwabcina ya tafi. Manna hoton kuma ba a shafe bayansa da gam, ba a sa salatif, don salatif yana bushewa ya faɗi ya bar maiƙo mai launin shayi da baya fita har abada. Ta sama kawai ake rataye shi da 'yan guntayen takarda guda biyu, masu gidajen tarihi da siririyar takardar Japan suke yi da ɗan kunun sitacin alkama, saboda in an ɗiga ruwa kaɗan zai saki ba tare da ya ci takardar ba. Ƙa'idar ita ce duk abin da kayi ya zama wani zai iya warwarewa bayan shekara hamsin.

Gilashin da ake sa wa hoto asali mai kaurin milimita 2 ne, a nan kuma sau da yawa na taga ake yankowa, nauyi ya ninka, kusurwoyin ƙasa su ɗauki wahala. Akwai mai tare hasken rana da ke kashe launi, tsada gare shi sosai, ni dai shawarata mai sauƙi ce kada ka rataye inda rana ke bugawa. Roba mai kama da gilashi tafi dacewa da abin da zai hau motar Kano, sai dai tana jan ƙura kuma in zanen gawayi ne ko alli tana ɗago garin ya manne mata. Sannan bangon da ruwan sama ke duka ta waje, musamman gidajen ƙasa a unguwannin da ruwa ke kwanciya, kada a jingina masa komai kai tsaye, 'yan ƙananan roba biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya sun isa su bar iska ta wuce, in ba haka ba fumfuna ce zata fara ta marfin baya.

Zanen fenti na kan kyalle shi kuma hukuncinsa daban. In kaje kasuwar kayan hannu ta Jakande a Lekki, inda 'yan'uwanmu suke da shaguna da yawa, zaka ga ana naɗe wa baƙi zane kamar tabarma don ya shiga jaka. Kafin firem sai an fara miƙe shi a kan wani katakon na ciki, daga tsakiyar kowane gefe ake fara ja ana bugawa ana tafiya kusurwa, na kirki yana da 'yan tsinke a kusurwoyi da ake ɗan bugawa in kyallen ya saki da damina. Galibi ba a sa masa gilashi. Yanzu yayin da ake yi shine firem mai barin ɗan rami zagaye da zanen kamar yana shawagi, in ka shiga gidan zane na Nike a Lekki ko ka leƙa bajekolin Art X da aka fara a 2016 zaka ga irinsa. Tunda zanen Tutu na Ben Enwonwu ya kai sama da fam miliyan 1.2 a gwanjon Landan a 2018 babu mai cewa kula da zanen ɗan Najeriya ɓata kuɗi ne. Abin da ke ɗan ci min rai shine mu muke sayar da zanen da kayan fata a Jakande amma aikin firem ɗin sai a kai wa wasu, yaranmu na kan okada da gadi, ga sana'a da zarto da sukwaya da igiya sun isa a fara.

Kada kuma in yi son kai, firem ɗin roba da ake shigowa da shi daga Chana a dogayen sanduna, mai ruwan gwal ɗin nan da ya cika shagunan hoto, yana da hujjarsa. Gara bata cinsa, laima bata kumbura shi, hunturu baya tsuke shi. In hoton biki ne da yake cikin wayarka zaka iya sake wankewa gobe, ko hoton Ka'aba na bugun inji, wallahi sa shi a roba ka huta, yafi firem ɗin ɗanyen obeche nesa ba kusa ba. Inda yake faɗuwa shine in ya karye ya karye kenan, baya karɓar gyara, babba kuma lanƙwashewa yake da nauyin gilashi, gwal ɗin ma leda ce ke ɓarewa. Na asali da Turawa suke yi tun da, alli ne da gam ɗin fata ake shafawa shafi bayan shafi, a bi da jan yumɓu, sannan a kwantar da ganyen zinare da numfashi ma ke iya hure shi, a goge da dutse mai santsi. Wannan wani aikin ne daban, dattijon ma yace sau biyu kacal ya taɓa gyara irinsa, wasu tsofaffi daga wani gida a Ikoyi.

Maƙwabcin nawa dai jiya da yamma ya sake komawa, na raka shi. Ashe bai faɗa wa dattijon cewa Funtuwa za a kai zayyanar wajen kakan yaron ba. Da yaji haka sai ya ajiye mai faɗin da suka zaɓa da farko, ya sa yaronsa ya hau sama ya sauko da wani siririn mahogani da aka rubuta wa wata da alli tun bara, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa kusa da kunnensa, yace Alhaji wannan za mu yi, kuma roba zan sa maka a madadin gilashi saboda hanya. Alhaji yace to Baba a rage wani abu mana tunda katakon ya ragu. Yace a'a, wannan ɗin shekara guda yayi yana cin haya a saman shagona.